Makiyayin Agwagi a Kuttanad

Kafin ƙararrawar coci ta kaɗa
Kunjappan ya kwance kwale-kwale.
Agwagi ɗari huɗu a gabansa
suna tsaga ruwan fadama
da surutu kamar ranar kasuwa.

Yau ba ya ƙirga su.
Jiya ya ƙirga, ɗaya ta ɓace,
da la'asar ta dawo da ƙafarta.

Shayin da Thankamma ta ɗura masa
ya huce a kwalba. Ya kurɓa hakanan.
Balbela ta sauka a goshin jirgi,
ta dube shi, ya dube ta,
ba mai bin wani bashi.

Yayyafi ya soma.
Ya ɗora gorar tuƙi a cinya,
ya bar ruwa ya kai shi
inda agwagin suka nufa.