Gwaji na Arba'in da Ɗaya

A Crema hazo kan taso daga kogin Serio
tun kafin ƙararrawar coci ta buga bakwai.
Nakan jingine kekena a bangon masana'anta,
in ɗaure gashi, in zura farar riga,
in kunna wuta ƙarƙashin tukwane biyu.

A ɗaya kaki ke narkewa:
na zuma, mai saurin yarda,
da na karnuba, ɗan taurin kai,
wanda aka karkaɗo daga ganyen wata giginyar Brazil,
ba ya sallamawa sai zafi ya haura tamanin.
A ɗayar ruwa ne da ƙaro,
da baƙin garin ƙarfe da na niƙa har ya fi toka laushi.

Mai da ruwa ba sa ga maciji.
Shekara goma sha tara ina yi musu sulhu
don gashin idon matan da ban taɓa gani ba.

Daga Milano aka aiko takarda:
muna son maskara mai sheƙi kamar yanzu aka shafa,
ta kwana, ta wuni, kada ta zuba.
Na yi dariya ni kaɗai.
Sheƙi ɗan danshi ne, ɗorewa 'yar bushewa,
wa ya taɓa ajiye su a ɗaki guda?

Gwaji na tara ya dunƙule kamar ƙafar gizo-gizo.
Na sha bakwai ya bushe ya zama gawayi.
Na talatin ya yi kyau har azahar,
sannan ya marmashe a kumatun Loredana
kamar an barbaɗa mata masoro.
Baiwar Allah, ta yanka albasa ta fi buhu saboda ni,
ta sunkuya kan tururi, ta hau keke cikin yayyafi,
tana dawowa da ido irin na mai dambe.

Sai na arba'in da ɗaya.
Na rage kaki rabin giram,
na ɗiga man zurma, na bar shi ya huce a hankali,
ban gaggauta ba.
Ya hau burushi sumul,
baƙi wuluk, yana ɗaukar ido kamar bayan hankaka.

A makon ne babanmu Ermanno ya cika.

Fiorenza ta lalubo kwalbar a jakata,
marar suna, marar tambari,
ta shafa a madubin mota, hannunta na rawa.
Ta yi kuka daga coci har maƙabarta,
kukan da ke girgiza kafaɗa.
Ni kuwa, Allah ya yafe mini,
ina tsaye bakin kabarin ubana
ina duban gashin idon ƙanwata.
Ko ɗigo bai motsa ba.
Maƙwabta na raɗa: kai, yarinyar nan akwai dauriya.

Na tuna hankicin mamanmu,
wanda ta riƙe ranar da aka binne kakanmu.
Har ta rasu yana cikin durowa da baƙaƙen zanensa,
ta ƙi wankewa.
Na Fiorenza fari fat,
sai ka ce ba a yi komai ba.

Da dare muka zauna a kicin ɗinsa,
tabaransa na nan kan jarida.
Ta wanke fuska sau uku, ruwa ya gaza.
Na tsiyayo man zaitun a auduga,
na ce rufe ido.
Na shafa a hankali, daga ciki zuwa waje,
yadda ake yi wa jariri.
Baƙin ya saki, ya fito duka.
Ta karɓi audugar ta daɗe tana kallo,
ta naɗe ta, ta sa a aljihu.

Ran Litinin na buɗe littafin awo.
Gaban lamba arba'in da ɗaya na rubuta: ya ci.
Na rufe alƙalami,
na je na kunna wuta.