Duwatsun Baba

Shekara talatin da huɗu Baba Custódio na durƙushe
a titunan Lisbon, guduma a dama, dutse a hagu,
fari nan, baƙi can,
har daɓen ya yi igiyar ruwa, kamar Tejo ya hau tudu.
Baƙi kan zo daga nesa su ɗauki hoton ƙasa.

Bana na dawo da shi daga ƙauye ya ga aikinsa.
Ɓarin jikinsa na dama ya yi shiru tun bara.

A waya matar otal ta ce, "Akwai ɗakin masu keke."
Ba ta yi ƙarya ba, ɗakin yana nan,
sai dai tsakaninmu da shi matakala uku,
da lif mai cin keke ko mai turawa, ba duka biyu ba.
Na ce ƙofar banɗaki ta gaza da yatsa biyu.
Baba ya auna da ido ya ce, "Uku."
Na gwada. Uku ne.

Taragon nan rawaya da ke jikin kowane kati
ya tsaya. Direba ya dube mu, ya dubi tayoyin,
ya sunkuyar da kai, ya kaɗa ƙararrawa,
ya haye Alfama ya bar mu.

Sai na tura shi a ƙasa.
Kowane dutse ya gaishe shi ta ƙashin baya,
haƙora na haɗuwa, hula na zamewa.
"Wa ya yi wannan aika-aika?"
Yana dariya da rabin baki.
"Kai ne, Baba."
"Takalma na yi wa, Eulália.
Ban san taya na tafe ba."

Kusa da Rossio wani saurayi na gyaran bakin hanya.
Baba ya ce in tsaya. Da hannun da ya rage
ya nuna masa: sauke nan, kwantar da can,
cika tsakani da yashi, daka har ya yi sumul.
Yaron ya ce ba haka takarda ta ce ba.
Baba ya ce takarda ba ta taɓa zama a keke ba.

Rabin sa'a muka yi, rana na sunkuyawa.
Muka gangara ta wurin, taku huɗu kacal,
keken bai ce uffan ba.

Baba ya ce in ja shi baya,
mu sake bi.