Lissafin Ƙugiya

Tsahara, ɗauko kayenki na lakkwal,
wanda shafi uku suka rage a bayansa.
Idona ya daina ganin layi da dare.
Rubuta Gidimuni, ki ja layi ƙarƙashi.

Damina ta naɗe tabarmarta,
gero ya shiga rumbu, tafki ya kwanta,
laka ta sauka ƙasa ta bar ruwa garau.
Nan ne karfasa ke fitowa kiwo.
Ba ta da wayo sosai, sai saurin fushi.
Ƙaramar ƙugiya, tana guda a lanƙwashe,
a watsa dusa a gindin kacala
tun ladan bai gama gyaran murya ba.
Rubuta dusa tiya biyu. A'a, uku.
Ari zai zo, kuma Ari bai taɓa zuwa da tasa ba.

Sai tarwaɗa, 'yar dare, mai gashin baki.
Ita sai wata ya ɓuya, kafin sanyi ya kama ruwa.
Hanjin kaza da ya kwana biyu a gwangwani,
kakarki za ta toshe hanci ta nuna mini ƙofa,
ni kuwa in rataye shi a dogon yaron waje,
in kwana ina korar kyanwar maƙwabta.
Amma ranar da miya ta yi kauri
ba a tuna wa kowa da wari.

In ruwa ya yi sanyin da ke cizon ƙauri,
kifi ya nutse, baki a rufe.
Bar wannan wurin fari, kada ki rubuta komai.
Watan ɗinke gora ne da sake zare,
watan zama a Birni ana jin ƙaryar Mutari,
wanda kifinsa ke ƙara kamu ɗaya duk shekara.

Yanzu matso da fitila.
Rubuta giwan ruwa da manyan baƙaƙe.
Bara, wajen dabinon nan uku na gabas,
inda gora ba ta jin ƙasa,
ta ɗauki 'yar karfasar da na sa mata da rai,
ta ja ni har ruwa ya kai mini ƙirji.
Na ga bayanta sau ɗaya, fari kamar sabon kwano,
sai zare ya ce tas.
Ta tafi da ƙugiyar da na zaɓo a Kasuwar Dole,
ta bar mini tabo a wannan yatsa, taɓa ki ji.
Ba na cewa tana jirana.
Na ce dai akwai bashi tsakaninmu,
kuma bana zan sayi zare mai lamba babba.

Kuɗin esansi zuwa da dawowa, sa jaka huɗu.
Takardar 'yan gandun daji, bar gurbi,
sai na je na ji abin da suka yanka.
Man zafi na gwiwa. Kada ki yi dariya, rubuta.

Bazara kuwa, in tafki ya ja da baya
ya bar ƙasa a tsattsage,
gaiwa na can ƙasa, ta naɗe cikin laka
tana jiran tsawar fari.
Yara za su bi ta da hauya.
Ni ban da ni. Wanda ya iya haƙurin wata biyar
ba ruwa, ba abinci, ba ƙorafi,
ya fi ƙarfin tukunyata.

To, karanta mini daga sama.
Karfasa, tarwaɗa, fili, giwa...
Wannan na ƙasa fa? Ban faɗi wannan ba.
"Ƙugiya ƙarama guda, ta Tsahara."

Ke da ke tsoron tana?
Ke da asuba ba ta taɓa ganin idonki ba?
Akwai sauro, akwai matsattsaku,
kuma a bakin ruwa ba a surutu.

Bar shi, kada ki goge.
Ƙara dusa tiya ɗaya.