Ranar da Na Ce wa Kufena Tashi

Ina da shekara tara
ranar da Malama Damaris ta ce mana a makarantar Lahadi
bangaskiya, ko ba ta kai ƙwayar gero ba,
tana iya tayar da dutse daga mazauninsa.
Ban jira an tashi sujada ba.
Na sulale ta bayan coci, na ratsa gonar gyaɗa,
takalmin Kirsimeti a hannu don kada ya lalace,
na tsaya gaban Kufena, na yi gyaran murya,
na ce masa: Tashi.

Ƙadangare ne kawai ya gyaɗa mini kai.

Na koma gida idanu a kumbure.
Kakata Liyatu tana tsintar wake a faifai,
ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Ta ce, “To da ya tashi fa, Sila,
a gonar wa za ka sauke shi?”

Yau shekaruna hamsin da biyu.
Na ga duwatsun da ba a hango su daga Wusasa.
Wani ya zo a cikin ambulan,
layi uku: an gode da hidimarka, kamfani ya rufe.
Wani Galma ce ta kawo shi a dare ɗaya,
ta kwashe masarar da na ci bashin takinta,
ta bar mini yashi da warin takalmin wani.
Babbansu kuwa a Shika yake,
gadon ƙarshe kusa da taga,
inda ake yi wa Rahila wankin ƙoda
Litinin da Alhamis.

Kowannensu na ce masa ya tashi.
Na faɗa da azumi, na faɗa a durƙushe,
sau ɗaya na faɗa da fushi a bayan ɗakin magani
har mai gadi ya leƙo.
Ba zan yi ƙarya a gaban Ubangiji ba:
kaɗan sun gusa. Sauran suna nan daram.

Sai dai na ga wasu abubuwa a gindinsu.
Ranar da kuɗin Alhamis bai cika ba,
Malam Hudu mai shayi,
wanda alƙiblarsa ba tawa ba ce,
ya turo mini cikon a ƙarƙashin kofi,
ya juya yana fifita wuta kamar bai san ni ba.
Matan zumunta suka zo da kunun gyaɗa
da waƙar da ba su gama koyo ba,
Rahila ta gyara musu baiti na biyu daga kwance,
allura a hannunta,
muryar nan siririya kamar zaren ɗinki, amma ba ta tsinke ba.

Shi ma wanda nake bi
ya roƙa cikin dare a kawar masa da nasa.
Ba a kawar ba.
Ya hau shi da itace a kafaɗa.
Dutsen da ya gusa wani ne dabam,
na bakin kabari, da sassafe,
masu kuka suna hanya suna tunanin wa zai taya su turawa.
Ba su suka ce masa ya tashi ba.

Shi ya sa ban daina roƙo ba,
na dai daina sa wa Allah agogo.

Ɗazu da la'asar na bi ta tsohuwar hanya.
Gonar gyaɗa ta zama gidaje.
Shanun wani Bafulatani sun kwanta a inuwar dutsen suna tuƙa,
ga yara biyu a can sama, ƙanana kamar tururuwa,
suna ɗaga wa duk garin hannu.
Kaka ta daɗe da kwantawa, tambayarta ce ba ta kwanta ba.

Na cire hula na ce, Ina wuni, Kufena.
Bai amsa ba. Ban ji haushi ba.

Gobe Alhamis.
Na riga na duba man babur.