Kanal Shida

Ni da Tsahiru mun raba dare biyu,
shi ƙofar sito, ni bayan katanga
inda ɓeraye ke ƙirga buhunan wake.
Oba-oba biyu mai gida ya sayo mana a Kasuwar Dole,
tawa roba ce ta riƙe mata murfin pil.

Kanal ɗaya ba ta zaunuwa.
Duk wanda ya ɓare sabuwa can yake faɗawa:
masu biki na cigiyar kujeru,
wani yaro a Zango yana hura iska yana dariya.
Uku ta masu motocin ruwa ce,
tun kafin asuba suke gardamar layi.
Takwas sau ɗaya muka leƙa,
wata murya mai takalmi ta ce, wa ke nan?
Muka fice ba sallama.

Sai muka yada zango a shida.

Dokar ba ta da yawa: danna, faɗi, saki.
Muddin yatsanka na kan maɓalli, kai kurma ne.
Shekara arba'in ina yawo da baki,
sai wannan 'yar aba ta nuna mini ina da kunne.

Duwatsun Birni kuwa cin magana suke.
In na gangara kwari
muryar Tsahiru ta koma gyaɗa a kasko,
sai na hau tudu, na ɗaga eriya
kamar mai miƙa wa sama tsinke.

Daren Laraba, wajen ƙarfe biyu,
wata tsohuwa ta shigo mana:
Mutari, ka sha maganin?
Shiru.
Mutari, kana ji na?

Na danna. Inna, nan shida ce.
Ta ce, ai biyar ya bar mini ita,
jikokin nan ba sa barin abu inda yake.
Na ce, murɗa baya sau ɗaya, za ki ji ƙas.
Ta yi jim, yatsanta bai saki ba,
ina jin zakaranta, ina jin tarinta.
Can ta ce, kai fa, ɗan nan, ka ci tuwo?

Kafin in amsa
ƙas.

Tsahiru ya ce, da ka bari ta ƙara kwana biyu da mu.

Yanzu in biyun dare ta yi
nakan murɗa zuwa biyar.
Ba na dannawa.
Mutari yana shan maganinsa,
wani lokaci sai ta tambaya sau uku.