Haƙori Ɗaya

Tun shigowar sanyi motar ke ƙara da asuba,
kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.
In ta ɗumama sai ta yi tsit, kamar ba ita ba.
Babana, Revaz, ya kara kunne a jikin bonet,
ya ce, "Sarƙa ce. Ta gaji."

Ranar Asabar, a tsakar gidanmu na Kutaisi,
ƙarƙashin rumfar inabin da ta kaɗe ganye,
muka tsiyaye baƙin mai
a bahon da aka yi mini wanka ina jaririya.
Lagireto ya fito, fanbel ya biyo sahu,
notuna ashirin da uku
a kiret ɗin ƙwai, kowanne da raminsa.

Babban notin ya kafe.
Otar maƙwabci ya miƙo bututu ta kan katanga,
da shawarar da ba wanda ya roƙa.
Muka zura wa sifana, muka danna mu biyu,
ya yi ƙara ɗaya, ya saki.

Da muka shimfiɗa tsohuwar kusa da sabuwa
a kan jarida,
tazararsu ba ta kai faɗin farce ba.
Shekara goma sha tara ke nan a ciki:
kai ni makaranta, hanyar Batumi,
daren da muka yi gudu da Mama asibiti
muka dawo mu biyu.

Da jan farcenta muka yi alama,
wanda ya kusa bushewa a kwalba.
Ɗigo a sama, ɗigo a ƙasa.
Shekara talatin yana haɗa manyan motoci,
ba ya ƙirga, yatsunsa ke gani.
Ya ɗora sarƙa, ya ce, "Shi ke nan, ɗaure."

Na haska tocila. Na ƙirga. Na sake.
"Baba, ta goce da haƙori ɗaya."
"Ba ta goce ba."
"Ɗaya."
Ya cire tabarau ya goge da bakin riga,
ya ƙara musu maiƙo.
Ya daɗe a sunkuye.
Haƙori ɗaya, fistin da bawul
su rasa wa zai kauce wa wani.
Ya san haka tun ban san sunana ba.

Bai ce komai ba. Sifanar ya miƙo,
ta wajen mariƙi.

Na juya injin da hannu, zagaye biyu,
a hankali, ina jiran abin da zai tokare.
Ja ya dawo kan ja.

Magariba ta yi, yayyafi ya soma,
na murza makulli. Ta kama,
sumul, ko tari babu.
Otar ya yi tafi daga bayan katanga.

Saura noti ɗaya a kiret.
Baba ya juya shi a tafin hannu,
ya jefa a aljihun rigata.
"Gobe," ya ce, "ki nemo masa gida."