Mahauci a Gaban Kwanon Ganye

Zazzaɓin ya tafi tun watan Rajab,
amma ya bar mini ƙanensa a ɗaki.
Ba ya tari, ba ya zafi,
zama kawai yake yi a kan gwiwoyina,
kamar baƙon da ya zo Aboabo ta'aziyya
ya ji tabarma da daɗi.

Ni Sallau, da nake saɓa cinyar sa
daga Mayanka har bakin titi ban nisa ba,
yau buta ke neman kayar da ni.
Alwala ɗaya, hutu biyu.
Ladan ya yi kira, ƙafa ta ce: amsa daga nan.

A asibitin Manhyia sun ɗebi jini, sun saurari ƙirji.
Nas Serwaa ta dubi takarda, ta dube ni:
"Papa, wutar ta mutu, garwashi ne ya rage cikin toka.
Kada ka zuba masa mai."
Na ce, wane mai?
Ta ce, wanda ka shekara arba'in kana sayarwa.

Barikisu ta karɓi takardar ta ƙulle a bakin mayafi,
tun ranar gidana ya zama bariki.
Kitse ya yi ƙaura, ganda ta bi shi.
Fanken da ke raka shayina ko sallama bai yi ba.
Sukari cokali huɗu ya koma ɗaya,
ɗayan ma a shafe.

Da safe kokon gero, citta na cizon harshe.
Da rana kontomire, ganyen gwaza ke nan,
da yalo, da wake, da ƙananan kifi na kasuwar Asafo,
manja kuwa ɗigo, kamar ana auna turare.
Kurkum ya rina mata yatsu,
ya rina cokali, ya rina haƙurina.
Da dare tuwon zafi, ɗan dunƙule kamar na yaye,
a tsakiyar tafkin ayoyo mai daddawa.
Rabin fiya. Gyaɗa cikin tafi. Ruwa, ruwa, sai ka ce randa.

Da awakin da na yanka za su leƙo ta taga,
da sun faɗi don dariya:
ga shi can yana cin rabonmu.

Wata Juma'a na aiki jikana Mutawakilu a ɓoye
ya sayo tsitsinga tsinke uku, mai kitse.
Na ci a bayan ƙofa, ni da gemuna fari.
Barikisu ta shigo, ta shaƙi yajin, ba ta ce uffan ba.
Gwanda ta yanka, ta ajiye, ta fita.
Na yi aiki da wuƙaƙe iri-iri,
ban ga mai kaifin wannan shirun ba.

Ba zan ce na warke ba, kada in yi wa Allah ƙarya.
Mako uku, na kai bakin zaure.
Mako shida, na kai rumfar mai gyaran rediyo,
na zauna muka zagi tsadar kaya.
Ran da na ji ƙarfi na zarce har gada,
kwana biyu na biya bashin a kwance.
Ko ganyen ne, ko lokaci, ko addu'ar tsohuwata,
ban sani ba.
Serwaa ta ce in bar su su yi aikin gayya.

Jiya na riski la'asar a raka'a ta biyu,
a kan benci, can ƙarshen sahu.
Da na dawo baƙon yana nan,
sai dai ya sauka daga gwiwa, ya koma lungu
yana naɗe tabarma a hankali, ba gaggawa.

Na ce, Barikisu, da sauran kontomiren nan?
Ta yi kamar ba ta ji ba,
don in sake faɗa da ƙarfi
maƙwabta su shaida.